Hayar keken burji a dajin Jirona: hanya, taya da ruwan sha

Tambaya uku muke yi wa duk wanda ya shigo shago neman hayar keke: nauyinsa, awa nawa ya saba yi a kan sirdi, da kuma ko ya taɓa gangara tudu a kan tsakuwa. Da amsar farko muke auna iskar taya, da ta biyu muke zaɓa masa hanya. Ta uku kuwa ita ke nuna mana ko za a bar shi ya tafi shi kaɗai ko sai da ja-gora. Sana'ar tamu ke nan a Jirona, birnin da ke arewa maso gabashin Sifaniya, a yankin Kataloniya, tafiyar kilomita 100 ko makamancin haka daga Barselona. Muna ba da hayar keken burji, wato keke mai lanƙwasasshen kai irin na tsere amma mai faɗin taya, muna gyara shi, muna kuma zana wa mutane hanyoyin da mota ba ta cika bi ba.

Baƙon da bai saba ba, tsohon layin dogo muke fara ɗora shi. Ƙananan jiragen ƙasa biyu ne da, mutanen garin na ce musu Carrilet, ɗaya daga Olot zuwa Jirona, ɗaya daga Jirona zuwa Sant Feliu de Guíxols a bakin Bahar Rum. An rufe su duka a 1969, daga baya aka cire ƙarafan aka daɓe wurin da dakakken dutse. Da yake jirgi ba ya hawan tudu mai tsini, hanyar a kwance take. Zuwa teku wajen kilomita 40 ne, ta Quart, Cassà de la Selva, Llagostera da Santa Cristina d'Aro. Ta Olot kuwa wajen kilomita 57 ce, kuma mun fi son a kai mutum Olot da mota ya gangaro, domin bayan ya haye Coll d'en Bas, mai tsayin mita 558, sauran kusan duk gangara ce har ya riski kogin Ter. Matsalarta ɗaya: ranar Asabar da Lahadi da hantsi cike take da yara da masu yawo da karnuka, don haka ba wurin gudu ba ne.

Mai neman shiru sai ya shiga Les Gavarres. Jerin tsaunuka ne marasa tsawo tsakanin Jirona da teku, mafi tsayinsu bai wuce mita 533 ba, amma dajin ya haura hekta 28,000. Ana fita daga bayan babbar majami'ar birnin a shiga kwarin Sant Daniel, cikin minti goma ƙarar mota ta ɓace. Daga nan hawa ne zuwa kufan ganuwar Sant Miquel, a zarce zuwa Els Àngels a wajen mita 480, a gangara Madremanya da Monells, ƙauyukan da aka gina da dutse, sannan a zagayo ta gonakin bakin Ter a koma gida. Zagayen kan kai kilomita 55 zuwa 60, gwargwadon inda aka yanke. Mai ƙarfi zai yi shi a awa uku da rabi. Wanda ya ce mana bai taɓa wuce awa biyu a kan keke ba, ba ma ba shi wannan hanya ko ya roƙa.

Itacen da ya fi yawa a dajin shi ne wanda ake ce wa suro, wanda da ɓawonsa ake yin murfin kwalba. Duk bayan shekara 12 zuwa 14 ake ɓare shi, a tsakiyar zafi, da gatari mai lanƙwasasshen baki. Wanda aka ɓare kwanan nan za ka gan shi daga ƙasa zuwa ƙirjin mutum ja wur kamar an shafa masa jan ƙasa, sama kuma furfura-furfura da kaushi, ga ɓawon an jibge a gefen hanya kamar kwanon rufi. Yawancin hanyoyin da muke bi domin fito da wannan ɓawo da gawayi aka sare su tun da can, kuma mafi yawan dajin mallakar mutane ne, ba na gwamnati ba. Abin da muke nanata wa baƙi ke nan kullum: a gonar wani kake. In ka buɗe shinge ka rufe, in ka ga sarƙa da allon hani ka juya, in tarakta ta taho ka sauka gefe. Ƙofa ɗaya da aka bari a buɗe har dabba ta fita ta isa a rufe mana hanyar da muka shekara biyar muna bi, kuma mai gonar na da gaskiya.

Ƙasar ba iri ɗaya ba ce, kuma ita ke yanke hukunci a kan taya. Ta ɓangaren arewa dutse ne mai ɓarewa falle-falle, bakinsa kamar reza, yana tsaga gefen taya. Ta kudu, wajen Romanyà de la Selva, dutsen ya ruɓe ya zama tsakuwa mai kama da rairayi, wadda ke taruwa a kwana ta zame da tayar gaba. A fili kuwa, wajen La Bisbal d'Empordà, yumɓu ne. Garin ma da tukwane aka san shi. In an yi ruwa da dare, wannan yumɓu kan naɗe taya har ta daina juyawa cikin mita ɗari, ya kankare fentin firam, wani lokaci ya karya hannun canjin giya. Shi ya sa bayan ruwan sama muke hana fili na kwana biyu, mu tura mutane layin dogo ko ɓangaren tsakuwa, inda ruwa ke tsanyewa da wuri.

Tayar da muke sakawa faɗinta milimita 42 zuwa 45, marar tub, da ruwan faci mililita 60 a cikin kowace. Ƙaya ta huda, ruwan ya toshe ramin kafin mai keke ya ankara. Amma ruwan na bushewa. A watannin zafi ba ya wuce wata biyu zuwa uku, don haka muke rubuta ranar da aka zuba a jikin takardar kowane keke. Iska ita ce inda aka fi kuskure. Wanda ya saba da kwalta yana son ya ji taya ta yi tauri kamar dutse, sai ya ƙara iska a ɓoye, keken ya riƙa tsalle a kan gargada, hannu ya mutu, birki ya daina kamawa. Ga mutum mai kilo 75, iska mai awon bar 2.1 a gaba da 2.3 a baya ta wadatar, wato 30 da 33 a ma'aunin da masu faci suka saba da shi. Duk ƙarin kilo 10 a ƙara wajen 0.2. In kuma iskar ta yi ƙasa da yawa, rim kan daki dutse ya lotse, taya ta yi gyatsa ta zubar da iskarta a kwana.

Giya mai sauƙi muke sakawa: haƙora 40 a gaba, babban faifan baya 42 ko 44. Tudun nan gajeru ne amma tsaye suke, kuma a kan tsakuwa ba a miƙewa tsaye a taka feda, tayar baya za ta murza a banza. A zauna, a ɗan sunkuyo, a juya ƙafa a hankali.

Akwai abu guda da ba ma wasa da shi wajen miƙa keke. A nan birkin gaba a hannun hagu yake, amma mutanen Ingila da wasu ƙasashe sun saba da shi a dama. Wanda ya damƙi birkin gaba da ƙarfi a gangarar tsakuwa yana zaton na baya ne, ta kan keke zai wuntsila. Don haka sai mun tambaya, in ya kama mu sauya, sannan mutum ya gwada sau uku a ƙofar shago muna kallo. Tsayin sirdi kuma muna auna tsawon ƙafa daga matsematsi zuwa ƙasa mu ninka da 0.883, mu fara daga nan. Ciwon gaban gwiwa yawanci alamar sirdi ya yi ƙasa ne. Hular kwano dole ce a wajen gari bisa dokar ƙasar, mu kuma ko a cikin gari ba ma sakin keke babu ita.

Cikin jakar sirdi muna saka tub guda, ƙaramin famfo, igiyar roba mai danƙo ta toshe babban rami, mahaɗin sarƙa, makullan alan, da ɗan ƙarfen nan da hannun giya ke rataye a jikinsa. An ƙera shi ne don ya lanƙwashe ko ya karye a madadin firam, kuma kowane irin keke da nasa, ba za ka same shi a ƙauye ba. Taswirar hanya muna loda ta a na'urar da ke kan keke, ba a waya kaɗai ba, saboda a cikin kwari sabis yankewa yake, mararraba kuma duk kama suke da juna. Lambar gaggawa 112 ce.

Ruwa kuwa, gora biyu masu cin mililita 750 su ne mafi ƙaranci, a lissafa rabin lita zuwa gora guda kowace awa. Maɓuɓɓugan da taswira ke nunawa a cikin daji da yawa sun kan ƙafe da rani, kada a dogara da su. Famfon dandalin ƙauye shi ne abin dogaro. Kantunan ƙauye kan rufe da azahar sai wajen la'asar sakaliya. Ɗan'uwa musulmi ya riƙe dabino da burodinsa, domin abin da aka fi sayarwa a kan hanya burodi ne da naman alade a ciki.

Lokacin da ya fi daɗi Maris zuwa Mayu ne, sai kuma ƙarshen Satumba zuwa Nuwamba. Makon gasar keken burji ta Traka, wajen ƙarshen Afrilu ko farkon Mayu, garin kan cika da dubban masu keke, mai son shiru ya kauce masa. Yuli da Agusta zafi ne da fargabar gobara: jami'an gandun daji na fitar da taswirar haɗari kullum, ana ce mata Pla Alfa, kuma in ta kai matakin sama sai a rufe shiga dajin ko ga mai tafiya da ƙafa. Da yamma muke dubawa, mu sake dubawa da asuba, in an rufe mu mayar wa mutum kuɗinsa ko mu sauya masa hanya. Daga kaka zuwa ƙarshen hunturu kuma mafarauta na kora aladen daji da karnuka da bindiga. In ka ga allo an rubuta batuda, ba a wucewa. Ga kuma iskar arewa da suke kira tramuntana, mai busawa a filin Empordà har ta ture keke. Ranar da take kadawa, a fuskance ta da safe ana da ƙarfi, a dawo tana tura ka.

Keke in ya dawo, minti 40 yake ci kafin ya sake fita. Wanki da soso da tiyo marar ƙarfi, domin injin feshi na tura ƙura da ruwa cikin boris. A busar da sarƙa, a auna ta. Ta miƙe da rabin kashi ɗaya cikin ɗari, a canza, in ba haka ba ta cinye haƙoran baya da suka ninka ta tsada. Takalmin birki in namansa ya gaza milimita 1 a jefar, kuma yini guda na laka kan cinye sabo fil. A bi gefen taya da yatsa ana neman tsaga, a ɗaure kusoshin kai da makulli mai awon ƙarfin ɗauri a kan Nm 5, kada a wuce. Ribar wannan sana'a a taya da sarƙa da birki take zurarewa, shi ya sa kowane keke ke da takardarsa a rataye, da kilomitan da ya yi da ranar da aka taɓa kowane ƙarfe a jikinsa.