Wa ke da alhakin rufe fayil ɗin?

Duk wanda ya taɓa rubuta manhaja da harshen C a kan Linux ya san buɗe fayil ba wuya. Ka kira open, tsarin ya miƙo maka wata 'yar lamba, da ita za ka karanta ko ka rubuta, in ka gama ka mayar da ita ta hanyar close. Lambobin 0, 1 da 2 an riga an raba su kafin manhaja ta fara aiki, don haka taka takan soma daga 3. A yawancin injinan Linux iyakar kowace manhaja 1024 ce, sai in an ɗaga. Manhajar da za ta yi minti ɗaya ta fita ba ruwanta da wannan iyakar. Amma saba (server), wato manhajar da ke karɓar haɗi daga wasu injina dare da rana, in tana zubar da lamba ɗaya duk sanda aka samu tangarɗa, wata rana za ta tsaya cak da saƙon EMFILE, wato fayilolin da ta buɗe sun kai iyaka, kowa kuma ya rantse bai taɓa komai ba.

A wurin aikinmu mun daɗe muna bin irin wannan yoyo bayan ya riga ya yi ɓarna: a leƙa /proc, inda Linux ke nuna bayanan manhajojin da ke aiki, a ƙirga lambobin da ke buɗe, ko a kira lsof mai jero fayilolin da ke buɗe, a yi ta lalube. Abin ya sauya da muka fara haɗa manhajarmu da zaɓin -fanalyzer na GCC, kwamfaila (compiler) mai mayar da rubutun C manhajar da inji zai iya gudanarwa. David Malcolm na Red Hat ne ya kawo shi a GCC 10 a 2020, sannan GCC 13 ta 2023 ta zo da binciken lambobin fayil: wadda ba a rufe ba, wadda aka rufe sau biyu, wadda aka yi aiki da ita bayan rufewa, wadda ba a duba ko buɗewar ta yi nasara ba, da wadda aka buɗe don karatu kawai aka je rubutu da ita. Shi -fanalyzer ba ya kunna manhajar. Bin kowace hanya yake yi cikin rubutun, ya jero maka matakan da lambobi, daga inda aka buɗe har inda lambar ta salwanta.

Abin da ya fi zama mini darasi shi ne inda yoyon yake ɓuya. Hanyar da komai ya tafi daidai kowa yana rufe fayil ɗinsa. Matsalar tana can a gefe: open ta yi nasara, sai malloc mai neman gurbi a ƙwaƙwalwar inji ko read mai karanta fayil ta gaza, mai rubutu ya yi maza ya fita da -1, close tana can ƙasa ba a kai gare ta ba. Gwaje-gwajenmu da wuya su bi ta nan, kwamfaila kuwa ba ta san wata hanya wai ita ba a cika bi ba.

A ganina rufewa sau biyu ta fi yoyo haɗari, ko da yake ba ta kai shi suna ba. Ƙa'idar POSIX, wadda tsare-tsare irin su Linux ke bi, ta ce open ta ba da mafi ƙanƙantar lambar da ba kowa a kanta. Ka rufe 5, wani zaren aiki (thread), wato wani sashen manhajar da ke gudana a lokaci guda, ya buɗe nasa fayil ya karɓi 5 ɗin, kai kuma ka sake rufe 5: ka kulle ɗakin da aka riga aka ba wani haya, yana ciki. Shi ya sa a Linux ko close ta dawo da EINTR, wato an katse ta, ba a sake kiranta, lambar ta riga ta tafi.

Kayan aikin yana da iyaka, kuma gara a faɗa. Yana jinkirta haɗa manhaja, an fi yin sa don C ba C++ ba, kuma da zarar lamba ta shiga laburare, wato tarin ayyukan da aka riga aka haɗa, wanda ba ya ganin cikinsa, hasashe kawai zai yi. Akwai alamomin fd_arg, fd_arg_read da fd_arg_write da ake liƙa wa aiki (function) don a ce wannan lambar fayil ce kuma dole ta kasance a buɗe, amma ba su faɗin wa zai rufe. Lambar da ta bi manhaja 'ya, wato wadda manhajarka ta kunna, saboda an manta O_CLOEXEC mai hana hakan, ita ma ba irin yoyon da yake nema ba ce. Don haka har yanzu muna kunna Valgrind, mai sa ido kan manhaja tana cikin aiki, da --track-fds=yes.

Gargaɗin da muka ɗauka na ƙarya ma ban cika watsar da su ba. Sau da yawa inda kwamfaila ta rikice, in ka tambayi abokan aiki biyu wa ke rufe wannan lambar, amsa biyu za ka ji. Yanzu duk aikin da ya karɓi lambar fayil muna rubuta a kansa ko aro ya karɓa ko mallaka, mafita ɗaya muke bari a ƙarshe don share fage, kuma bayan close mukan mayar da lambar -1.