Shuɗin layin da na gani a gefen Yuropa

A wannan makon na miƙa makullin ɗakin kwamfuta, na bar ƙungiyarmu ta masu sha'awar ilimin sararin samaniya a nan Kano, bayan shekara uku ina riƙe da ɓangaren gyaran hotuna. Waɗanda muka yi zama tare sun san yadda aikin yake, daga jiran tsakar dare domin data mai araha har zuwa tsere da batiri idan an ɗauke wuta, don haka ba zan maimaita ba. Abin da nake so ƙannena da za su gaje ni su ji daga bakina shi ne maganar hoton Yuropa, wani watan duniyar Jupita, domin har yau ana ba da labarin ba yadda ya faru ba.

Ranar 29 ga Satumba, 2022, kumbon Juno na hukumar NASA, wanda ya fara kewaya duniyar Jupita a 2016, ya gifta kusa da Yuropa, ɗaya daga cikin manyan watannin Jupita huɗu da Galileo ya hango a 1610, tazarar da ke tsakaninsu kimanin kilomita 352 kacal. Kyamarar kumbon mai suna JunoCam ta ɗauko hotuna huɗu, aka zuba su ɗanye a intanet domin duk mai sha'awa ya gwada hannunsa. Ɗanyen hoton ba ya zuwa a haɗe. Kumbon yana juyawa sau biyu a minti guda, kyamarar kuma tana ɗaukar siraran yanka, na ja daban, na kore daban, na shuɗi daban, sai mai gyara ya jera su ya daidaita bakinsu, kamar yadda ake ɗinke siraran saƙi su zama zane.

Da na gama haɗawa, na ƙara haske a gefen watan, sai ga wani siririn layi shuɗi ya taso a bakin ƙanƙarar da ta lulluɓe watan. Na riga na karanta cewa na'urar hangen nesa ta Hubble ta ga alamun tururin ruwa a kudancin Yuropa a 2012, kuma masana suna kyautata zaton akwai teku a ƙarƙashin ƙanƙarar nan, saboda haka zuciyata ta riga idona yanke hukunci. Da gari ya waye na kai wa malamin da ke jagorantar ƙungiyar, na ce: "Allah ya gafarta Malam, kamar tururi nake gani, amma ban sake dubawa ba." Ya daɗe yana kallo, sannan ya ce babu buƙatar ɓata lokaci, za a nuna shi a taron da muka shirya wa ɗaliban sakandare, kuma da kansa ya rubuta sunansa a saman nawa a shafin farko.

A wurin taron, wata baƙuwar malamar kimiyya ta bari sai da aka gama tafi, sannan ta tambaye ni cikin taushin murya: "Ɗana, ka duba kowane launi shi kaɗai kuwa?" A gaban yara da malamansu na raba hoton gida uku. A ja babu komai, a kore babu komai, shuɗin ne kawai ya zarce 'yan uwansa da 'yan ɗigo kaɗan. Kumbon yana gudun da ya haura kilomita 23 a daƙiƙa ɗaya, tsakanin ɗaukar wannan launi da wancan watan ya riga ya gusa a idon kyamara, ni kuwa ban gyara wannan gocin ba. Layin da na kira tururi ɗinkina ne da bai hau ba.

Kuskuren nawa ne, ban taɓa musu ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne yadda Malam ya karɓi lasifika ya shaida wa jama'a cewa aikin yaron ne, shi ma yau ya fara ganin hoton, alhali sunansa yana nan a jikin allo. Ban mayar masa da magana ba, domin ba a yi mana tarbiyyar ƙaryata babba a bainar jama'a ba, amma tun daga ranar ban ƙara bai wa kowa hoto ba sai da rubutacciyar shaida cewa ga abin da na tabbatar, ga abin da nake zato. Duk wanda zai sa sunansa a kan aikinku, ku roƙe shi cikin ladabi ya sa hannu a wannan takardar ma.

Daga baya na karanta labarin Linda Morabito, injiniyar da ta gano aman wuta a Ayo, wani watan na Jupita, a Maris 1979, cikin hoton kumbon Voyager 1. Ita ma haske ta ƙara, kamar yadda na yi, sai dai ita da abokan aikinta sun fara kore duk wani bayani, har da yiwuwar wani wata ne ya leƙo ta bayan Ayo, kafin a sanar da duniya. Sauran abin da na koya gajere ne: kada a taɓa ɗanyen hoto sai an ajiye kwafinsa, a rubuta kowane mataki, kuma idan an zuzuta launi a faɗa a ƙarƙashin hoton.

Lokacin da Juno ya gifta Ayo ranar 30 ga Disamba, 2023, a tazarar kilomita 1,500, sati biyu na yi ina daidaita yankan kafin na nuna wa kowa, kuma babu wanda ya sami abin gyara a ciki. Wannan hoton yana cikin kwamfutar ƙungiya tare da bayanin matakansa. A gefensa na bar na Yuropa yadda aka nuna shi a taron, da launukansa uku a rarrabe, da shafin farko mai ɗauke da sunaye biyu.