Tsagaggen leɓe: kafin a san da ciki aikin gama ya gama

Cikin darussan halittar ɗan tayi da aka koya mana a makarantar ungozoma, wanda ya fi amfanata a ɗakin haihuwa shi ne na fuska. Fuskar mutum ba a dunƙule take fitowa ba. A mako na 4 da ɗaukar ciki, wasu ƴan tsirai biyar ne ke kewaye da ramin da zai zama baki, ɗaya a sama, biyu a gefe, biyu a ƙasa. Su ke matsowa su manne, kamar tela ya haɗa ƙyallaye ya bi su da ɗinki. Leɓen sama kan gama haɗuwa wajen mako na 7. Ganɗa, wato rufin baki, ta fi jinkiri: ɓangarorinta biyu sukan fara a rataye gefen harshe, sai harshe ya sauka su miƙe su haɗe, zuwa mako na 12 an rufe. Taɓa tudu biyun nan da suka sa ɗan kwarin ƙarƙashin hancinka a tsakiya. A nan leɓe ya haɗu, a nan kuma tsagar kan bi in mannewar ta ƙi.

To mace nawa ce ke zuwa awo a mako na 7? Yawancin waɗanda nake gani, ƴan gari ne ko daga Tibiri da Madarunfa, sai ciki ya turo zane suke zuwa, mai cikin fari kuwa kunya ma ba ta barinta ta faɗa. Shi ya sa idan uwar miji ta ce mini, "Malama, yarinyar nan ba ta ji, da tsohon ciki take fita da magariba," nakan ce, "Inna, lokacin da leɓen nan ya ƙi haɗuwa, ita kanta ba ta tabbatar ta yi ɓatan wata ba."

A duniya, kusan jariri 1 cikin 700 ake haifa da wannan tsaga. Ta leɓe ta fi yawa ga maza kuma ta fi zuwa a hagu, ta ganɗa kaɗai ta fi samun mata. Kimanin kashi 70 cikin 100 na masu tsagar leɓe ba su da wata larura bayan ita, kuma a wurinsu ba ƙwayar gado ɗaya ce ke da laifi ba. Da yawa ne ke taruwa, daga uwa da uba, kowace da ɗan nata tasiri, sannan abin da uwa ta ci karo da shi a makonnin farko ya ƙara nauyi: hayaƙin taba, ciwon sukari, wasu magungunan farfaɗiya. Mai farfaɗiya dai kada ta ajiye magani da kanta, likita ta gani tun kafin ciki. Iyayen irin waɗannan yara kan tambaya ko zai sake faruwa. Haɗarin ƙarami ne, wajen kashi 4 cikin 100.

Akwai nau'in da lissafinsa daban yake. A 1954 Anne van der Woude ta bayyana iyalan da tsagar ke bi tare da wasu ƴan ramuka a leɓen ƙasa, kuma a 2002 aka gano ƙwayar gadon da ke jawo shi, IRF6. Kwafi ɗaya daga uwa ko uba ya isa, ba sai an yi auren zumunci ba, kuma kowane ciki rabi da rabi ne. Mai ɗauke da ita na iya rayuwa da ramukan kaɗai. Tun da na san haka, in an kawo jariri nakan dubi bakin iyayen biyu. Na taɓa ganin ramukan a leɓen wani uba, biyu ƙanana masu ɗan danshi, shi kuwa tun yana yaro ya ɗauka tabo ne. Gefe na ja shi na yi masa bayani, don ba na son laifin da aka sauke daga kan matar a aza masa a gaban dangi.

Kada a haɗa wannan da noma, ciwon da ke cinye fuskar yaro mai tamowa. Ita noma ba a haihuwa da ita.

Mafi yawan lokacina ma a kan nono yake tafiya. Jaririn da ganɗarsa ke buɗe ba ya iya zuƙa, ya yi ta fama har ya gaji, nonon na fitowa ta hanci. Sai uwa ta tatsa, ta zaunar da shi a miƙe, ta ba shi da ƙaramin kofi ko cokali kaɗan-kaɗan, tana sa shi gyatsa. Leɓe akan ɗinke shi a wata 3 zuwa 6, ganɗa kuma wajen shekara ɗaya, kafin magana ta kama. A Yamai asibitin yara na CURE na yin wannan aiki, amma likita ba ya sa wuƙa ga yaron da bai yi nauyi ba, don haka duk zuwan da uwar ta yi sai na ɗora shi a sikeli na rubuta a katinsa.