Kaset ya cika, amma rabin abin da ke kansa matacce ne

Tef ɗin ajiyar bayanan kwamfuta ba ya yarda a goge masa tsakiya. Daga farko zuwa ƙarshe ake rubutu a kansa, saboda haka idan wa'adin wani fayil ya ƙare, wurinsa yana nan a banza, ba mai iya amfani da shi. Sai dai a kwashe bayanan da ke da rai zuwa wani kaset, tsohon ya koma fanko. Wannan kwashewar ce ta tsaya mana cak a tsarin ajiyar da nake kula da shi, wanda ke kan Tivoli Storage Manager na IBM, manhajar da aka sauya wa suna zuwa Spectrum Protect a 2015.

Da kaset ɗin da babu komai a kansu suka fara ƙarewa, shawarar kowa ɗaya ce: a rage ma'aunin da ke sa a fara kwashewa. Manhajar ba ta taɓa kaset sai kashi 60 cikin ɗari na sararinsa ya mutu, in dai ba a canza saitin ba. Na ƙi ragewa. Ƙasa da kashi 50, ragowar kaset biyu ba za su shiga cikin guda ba, sai a yini ana ɗawainiya ba riba.

Na fara duba EXPIRE INVENTORY, aikin da ke share fayilolin da wa'adinsu ya wuce daga rumbun bayanan sabar. Muddin bai gudana ba, fayil mai rai ne a idon sabar, ko ya shekara da mutuwa. Namu an ƙayyade masa lokaci kaɗan, kullum ana katse shi bai gama ba. Da aka ƙara masa lokaci, adadin sararin da ya mutu ya yi sama, kaset da yawa suka tsallake ma'aunin da kansu.

Sai batun na'urorin karanta tef. Aikin kwashewar yana son biyu, ɗaya ta karanta, ɗaya ta rubuta, kuma duk wanda ya zo dawo da fayil yana iya ƙwace masa na'ura. Na matsar da shi zuwa rana, lokacin da ajiyar dare ta gama.

Wanda ya fi cin raina wani kaset ne guda. Sararinsa da ya mutu ya kai kashi 99, ana ɗora shi ana saukewa, ya ƙi zama fanko. Littafin ayyukan sabar ya nuna akwai fayilolin da aka tsallake, QUERY CONTENT, umarnin da ke nuna abin da ke cikin kaset, kuma ya tabbatar an yi musu alamar lalacewa. A nan ake son haƙuri. AUDIT VOLUME, umarnin binciken kaset, yana da zaɓin gyara, amma gyaran kan iya zama share bayanin fayil ɗin gaba ɗaya idan babu kwafinsa. Na fara binciken ba tare da gyara ba, na tabbatar kwafin yana nan, na dawo da fayilolin da RESTORE VOLUME, na cire kaset ɗin daga aiki.

Bayan duk wannan, wasu kaset sun zama fanko amma ba su dawo hannu ba. Wannan ba matsala ba ce, REUSEDELAY, saitin jinkirta sake amfani da kaset, shi ne ke riƙe su na wasu kwanaki. Wani abokin aiki ya so a mayar da shi sifili. Ban yarda ba: idan aka dawo da rumbun bayanai na kwana uku da suka wuce, zai nemi fayiloli a kaset ɗin da aka riga aka rubuta wani abu a kansa.

Kaset ɗin kwafi na biyu da ke ajiye a wani gini kuwa ba a kawo su, daga kwafin farko ake sake gina su, abin da ke jawo ɗora kaset barkatai. Na sa OFFSITERECLAIMLIMIT ya taƙaita adadinsu a kowane zagaye, na fara da waɗanda suka fi mutuwa.