Wai gem ne yake lalata mana yara?

A guruf ɗinmu na iyaye mata anan Jidda kusan kullum sai an turo odiyo akan gem, wai PUBG, gem ɗin harbe-harben nan, yana koya wa yara kisa, wai duk yaron da ya saba da PlayStation shikenan an rasa shi. Ni ma uwa ce, ina da samari a gida, nasan tsoron nan ƙauna ce ta kawo shi, amma wallahi 'yan uwa ina ganin mun tsare ƙofa ɓarawo yana shigowa ta taga.

Maganar kisan nan an daɗe ana bincikenta. A 2019 masu bincike a jami'ar Oxford ta Ingila sun duba matasa wajen 1,000 'yan shekara 14 da 15, suka tambayi yaran suka tambayi iyayensu, basu ga wata alaƙa tsakanin buga gem ɗin harbe-harbe da rigimar yaro ba. A 2020 ƙungiyar masana halayyar ɗan Adam ta Amurka ta ce eh ana ɗan ganin ƙaruwar zafin rai kamar ihu ko ture mutum, amma babu isasshiyar hujjar da za a ɗora wa gem laifin ta'addanci ko kisa. Ku dubi Japan da Koriya ta Kudu ma, ai su ne iyayen gem, kuma suna cikin ƙasashen da kisan kai ya fi ƙaranci a duniya.

Sai masu cewa gem yana raba yaro da mutane, wannan ita ce ta fi damuna don mu da ke zaune a ƙasar nan mun san yadda rayuwar take, yaro yana cikin shiƙƙa, wato ɗakunan zama na gidan bene, ba tsakar gida ba dandali, da rana zafi ba ya barin kowa fita, dangi kuma wasu na Makka wasu na Madina sauran duk suna Kano ko Damagaram. Ni dai abin da na gani a ɗakina shi ne yarana da aka haifa anan, waɗanda Larabci ya fi kama bakinsu har kakarsu tana ƙorafi in sun yi waya, yanzu in suka haɗa tim da 'ya'yan yayana na Kano da Hausa suke ihu, "zo ka tashe ni", "ga shi can bayanka", har karin maganar da ni ban koya musu ba nake ji a bakinsu. Zumuncin da muka kasa ƙulla musu da waya su sun ƙulla abinsu. Kuma ba maza kaɗai ba, 'yan mata ma suna bugawa sosai, kawai dai basa kunna mayik ne.

Jaraba kuwa gaskiya ce akwai ta, Hukumar Lafiya ta Duniya ta saka ta cikin jerin cututtuka a 2019, amma da sharaɗi: mutum ya kasa sarrafa kansa, ya fifita gem akan karatu da aiki da iyali, yana ganin illa yana ci gaba, kuma yawanci sai abin ya kai wata 12. Hukumar da kanta ta ce kaɗan ne cikin masu bugawa suke kaiwa nan. Don haka yaron da ya gama aikin makaranta ya buga gem ɗin ƙwallo awa ɗaya ba mara lafiya ba ne. Shi ma zancen ba a cin komai da gem ya tsufa, Musaed Al-Dossary ɗan ƙasar nan ya ci kofin duniya na FIFA na gem a 2018, a 2024 kuma Riyad ta shirya gasar duniya da kyautar ta haura dala miliyan 60, sai dai kar yaro ya ruɗe ki da wannan, masu kaiwa can ƙalilan ne.

Abin da ya kamata ya hana mu barci daban ne. Kuɗi na ciki, UC ɗin PUBG, wato kuɗin cikin gem ɗin da ake saye, da fakitin 'yan wasa na gem ɗin ƙwallo na FC da yaro zai biya riyal bai san me zai fito masa ba, ƙasar Beljiyam tun 2018 ta ce irin wannan caca ce, mu kuma katin banki yana maƙale a wayar ba ko fasuwod. Ga raba dare, a buga har ƙarfe uku Asuba ta wuce a tafi makaranta ana gyangyaɗi. Ga lambar shekaru da ke jikin kowane gem, GTA an rubuta 18 ɓaro-ɓaro amma sai ki ga ɗan shekara 10 yana bugawa don ba wanda ya duba.

Wanda ya fi min ciwo shi ne mayik. Yaranmu baƙaƙe ne, kuma da zarar wani ya gane haka daga hoto ko daga harshe akwai masu fara zagin launin fata, yaro ya haɗiye ya yi shiru don yana tsoron in ya faɗa a ƙwace na'urar gaba ɗaya. Ga kuma manyan banza masu neman lambar yara. Shi ya sa nake roƙonku Hajiyoyi, ki zauna kusa da shi ko minti goma ne, ki tambaye shi su waye 'yan tim ɗinsa, ki sa ya nuna miki inda ake toshe mutum da inda ake kai ƙararsa, kuma ki tabbatar masa cewa in an zage shi ya zo ya faɗa miki ba za ki karɓe masa gem ɗin ba.