Kafin ka sayi babban kwamfresa, auna tankinka

Makon jiya na leƙa shagon gyaran tayoyin manyan motoci na ɗan wani aminina a Agege, na tarar yana cinikin kwamfresa, wato injin hura iska, wanda ya ninka nasa girma, saboda duk sanda yaransa biyu suka danna bindigogin kwance noti masu aiki da iska a tare, allurar gejin matsin iska takan zube ƙasa. Gabana ya faɗi, domin kuskuren da na tafka a Apapa ke nan.

Ni ma allurar ce ta ruɗe ni. Na ci bashi na sayo babban inji, ban yi mako ba na gane janaretana ba ya iya tayar da shi, na sake cin wani bashin. Dizal ya yi ta ƙonewa, alhali ƙarancin iskar bai taɓa wuce rabin minti ba. Direbobi suna tsaye a kaina suna ƙorafi, mai sayarwa kuma ba zai hana ni saye ba, saboda haka ban ɗauki laifin duka nawa ba. Sai dai wani dattijon makaniki ya ce mini in ƙara tanki, na raina maganarsa don na ga tanki ƙarfe ne kawai.

Na ce wa yaron: ɗana, lissafin ba shi da wuya. Idan injinka yana ba da iska lita 1,000 a minti, aikin kuma yana jan lita 2,500 a minti har tsawon daƙiƙa 30, giɓin lita 750 ne. Idan matsin zai iya sauka daga bar 8 zuwa 6 (bar shi ne ma'aunin matsin iska) bindiga ba ta yi sanyi ba, raba 750 da 2, wato bambancin 8 da 6, ka sami tanki mai lita 375. Abin da ke ƙona mini rai shi ne, yaran yanzu waya tana hannunsu dare da rana, amma ba mai kunna agogonta ya ƙirga daƙiƙun nan.

Ka yarda da lissafin, amma ka sayi mai lita 500, domin bututu yana yoyo. Ka ajiye shi kusa da bindigogin, da bawul ɗin tsaro a kansa, kana zubar da ruwan gindinsa kullum, saboda danshin Legas yana cinye ƙarfe daga ciki. Idan kuma allurar ba ta komawa 8 kafin a kama taya ta gaba, to injin ne ya gaza, je ka sayi babban.