Riƙon Sakainar Kashi Da Na Yi Wa Ra'o'in Aikin Jinya

A makon jiya na tarar da wata ɗaliba da aka turo ɗakinmu koyon aiki tana cike takardar tsarin kula da wani maras lafiya, tana kwafowa daga wayarta, alhali ko gaban gadonsa ba ta je ba. Da na yi mata magana sai ta ce cikin ladabi, "Mama, ai tiyori na jarrabawa ne, idan mutum ya iya allura da ƙarin ruwa da wankin ciwo, ya gama." Na buɗe baki zan yi faɗa sai na fasa, domin kusan haka na riƙa faɗa wa ƙawayena lokacin da nake kamar shekarunta.

A makaranta an koya mana ra'o'in aikin jinya, wato tunanin da magabata suka tsara a kan abin da nas take yi wa maras lafiya da dalilin yin sa. Mun haddace cewa Florence Nightingale ta isa asibitin sojojin Ingila da ke Iskutari, a Santambul, cikin Nuwamban 1854 tare da ma'aikatan jinya 38, inda cututtuka irin su taifot da kwalara da atuni suka fi raunin yaƙi kashe sojoji, kuma daga nan ta dage a kan iska mai kyau da ruwa mai tsabta da magudana da haske. Mun haddace buƙatu 14 na Virginia Henderson, da matakan hulɗar nas da maras lafiya da Hildegard Peplau ta zayyana a 1952, da ra'in Dorothea Orem na 1971 a kan kula da kai. Na zuba su a takardar jarrabawa, na ci da maki mai kyau, sannan na ajiye su kamar kayan salla, na shiga aiki da yaƙinin cewa hannu ne kaɗai yake jinya.

Hannuna kuwa ya ƙware, ba zan ɓoye wannan ba. Jijiyar da ta gagari kowa ni ake kira in nemo ta, kuma wannan yabon ne ya rufe mini ido.

Akwai wani dattijo manomi da aka kwantar a ɗakinmu sugansa ya hau sosai. Mun yi masa duk abin da likita ya rubuta, sugan ya sauka, aka sallame shi. Ni na miƙa masa magunguna da katin dawowa, na ce masa ya rage zaƙi, na juya ga gado na gaba. Ban tambaye shi ko yana iya karanta abin da aka rubuta a jikin ledar maganin ba, ban tambayi wanda yake dafa masa abinci ba, ban kuma cire masa takalmi na taɓa tafin ƙafarsa don in san ko yana ji ba, ko da yake na san ciwon suga yana kashe jijiyoyin ƙafa har mutum ya taka ƙaya bai sani ba. Da sanyin hunturu ya shigo sai ya riƙa miƙa ƙafa kusa da garwashi yana jin ɗumi. Ya ƙone bai ji ba, iyalinsa suka yi ta shafa masa abin da suka sani, kuma ranar da aka dawo da shi warin gyambon ya riga shi shigowa ɗakin. An yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Da ya farfaɗo ya gan ni sai ya ce, "'Yata, Allah ya saka miki da alheri," domin a wurinsa ni ce wadda ta taimake shi a kwanciyarsa ta farko.

Na daɗe ina kare kaina, kuma har yau ban yarda laifina ne ni kaɗai ba. Mu biyu ne muke riƙe da ɗaki cike da gadaje har da masu kwana a tabarma, wuta tana ɗaukewa, likita ne ya sa hannu a sallama, malamanmu kuma shifta suka yi mana ba tare da sun taɓa kai mu gaban gado sun nuna mana inda Orem take shiga ba. Sannan yawancin waɗannan ra'o'i an rubuta su ne a Amurka, a asibitocin da ba a aiken mai jinya ya sayo safar hannu a kyamis. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai abin da Orem ta faɗa ba ya cin ko kwabo. Ta kasa taimakon nas gida uku: wanda za a yi wa komai domin ba ya iya komai, wanda za a raba aikin da shi, da wanda yake iya yi da kansa amma yana buƙatar a koya masa a kuma ƙarfafa masa gwiwa. Dattijon nan ranar da ya zo yana gida na farko, ranar sallama yana gida na uku, ni kuwa aikin gida na farko kaɗai na ɗauka aikin nas ne. Da na tsaya na yi wa kaina tambayar da ta koyar, wato me wannan mutum zai iya yi wa kansa idan ya koma gida kuma me ba zai iya ba, da na gano ƙafar. Ko da yake wani lokaci ina tunanin da na gaya masa ma wataƙila ba zai bar garwashin ba. Allah ne masani, amma ban ba shi damar ya ƙi ba.

Na zauna da niyyar jero muku shawarwari masu yawa, 'ya'yana, sai na ga kaɗan ne nake da tabbacinsu. Kada ku rubuta ko layi ɗaya a tsarin kula kafin ku zauna da mai ciwon, ku kira shi da sunansa maimakon lambar gadonsa, ku kuma saurari matarsa ko ɗansa da yake kwana a ƙasa kusa da shi, domin su ne za su ci gaba da jinyar bayan kun tashi aiki. Yana ɓata mini rai in ga yarinya tana duba awon jinin mutum idonta yana kan waya, ko in ji hirar ɗalibai ba ta wuce yadda za a samu takardun tafiya Ingila ko Saudiyya ba. Ku tafi idan Allah ya nufa, ba na hana kowa neman halalinsa, amma wanda ke kan gadon yau ba zai jira ku samu biza ba.

Ku daina yi wa mutane tsawa a kan maganin gargajiya da rubutu. Ni na yi, sakamakon kawai shi ne suka riƙa ɓoye gorar jiƙo a ƙarƙashin gado. Madeleine Leininger, wadda ta yi nazarin al'ada a cikin jinya, ta koyar da cewa akwai al'adar da za a bari, akwai wadda za a daidaita da magani, akwai kuma wadda za a lallaɓa a sauya. Mai ciwon suga da yake alwala sau biyar a rana yana da lokuta biyar na duba ƙafarsa da goge tsakanin yatsunsa, idan wani ya nuna masa. Wanda ya ƙudurta yin azumi gara ya gaya muku a kai shi ga likita a gyara masa lokacin magani, da ya yi a ɓoye sugansa ya faɗi.

Ku karanta ra'o'in nan, amma kada ku bauta musu. Na san na fara da kukan rashin riƙe su, sai dai na ga masu cike shafi uku da kalmomin littafi alhali maras lafiyarsu yana kwance cikin fitsari tun asuba ba a juya shi ba. Idan aiki ya yi yawa ku ajiye biro ku juya shi, takardar ta jira. Amma ranar sallama, komai cunkoso, kada ku bar mutum ya fita sai ya nuna muku da hannunsa yadda zai sha maganin, ya kuma faɗa muku da bakinsa alamar da idan ya gani zai dawo asibiti ba tare da jiran ranar da aka rubuta a kati ba.